Dokin ya zaɓi ƙanwata, yanzu ina tsoron jikata ma ta zaɓe ta

Assalamu alaikum 'yan gurup, barkanmu da warhaka. Admin ki taimaka ki ɗora min wannan amma ki cire sunana. Don Allah ku ba ni shawara, kuma ku yi haƙuri da tsawon labarin, ni tsohuwa ce, ban iya gajarta magana ba. Na haura saba'in, ina zaune a Soundview a nan New York, na yi Hajji, ina da jikoki, amma abin da ke cin raina kishi ne, kuma ba kishin miji ba, kishin ƙanwata nake yi wadda muke ciki ɗaya, a kan doki. Na san wasu har sun fara dariya, ku yi abarku, ni ma da wata ce ta rubuto da na yi.

A farkon shekarun alif ɗari tara da saba'in aka turo Babanmu aiki ofishin jakadancin ƙasarmu, muka taho da shi ni da Innarmu da ƙanwata, bari in kira ta Binta ko da yake ba sunanta ke nan ba. Muka sami gida a St. George, wata unguwa a kan tsibiri, kusa da tashar feri, kullum da safe Baba ya bi jirgin ruwa ya tsallaka Manhattan. Baba mutum ne mai son doki, a gida yana da nasa, a nan kuwa babu, sai ya gano wata barga a cikin tsibirin da bas ke kaiwa, ranar hutu ya je ya tsaya yana kallo kawai. Ni nake raka shi. A can na fara ganin wasan da ake kira dressage, ba tsere ba ne, ba tsalle ba ne, fili ne mai kusurwa huɗu da haruffa a gefe, mutum ya shiga shi kaɗai a kan doki, ya yi tafiya, ya yi sassarfa, ya yi 'yar ƙaramar sukuwa, ya zagaya, ya tsaya cak ya gaida alƙali, duk ba tare da an ga ya motsa hannu ko an ji ya ce uffan ba. Wanda dokinsa ya fi natsuwa da sakin jiki shi ke da maki. Na ce wa Baba ina so. Inna ta yi faɗa sosai, ta ce ita ba ta haifi 'yar da za ta sa wando ta ɗare doki Turawa na kallo ba, Baba ya lallashe ta, aka tsaya a kan zan ɗaura ɗankwali a ƙarƙashin hular kuma Binta za ta riƙa raka ni.

Mai bargar wata tsohuwar Baturiya ce, Madam muke ce mata, ita ke koyarwa. Ta ba ni wani jan doki mai farin goshi, sunansa na Turanci yana nufin barkono, mu ma sai muka riƙa ce masa Barkono. Wallahi ban taɓa son wani abu kamar dokin nan ba. Ni ke goge shi, ni ke taje masa geza, ni ke ƙwaƙule masa kofato, ranar da ƙanƙara ta rufe hanya ma sai na je. Binta kuwa zama take a kan damin ciyawa tana karanta littattafan barkwanci tana tambayata yaushe za mu tafi. Matsalar Barkono ɗaya ce, ba ya sakin jiki. Da na hau sai ya ɗaga kai sama, bayansa ya sandare, ya riƙa taunar linzami yana kaɗa wutsiya, in na nemi tafiya ya yi sassarfa, in na nemi tsayuwa ya riƙa taka rawa a wuri ɗaya. Madam ta sake masa linzami, ta sake sirdi, ta sa na yi ta zagaye da shi har sai kaina ya juya, duk a banza. Kullum tana daga tsakiyar fili tana ɗaga murya wai in daina kiransa da baki, ni kuma ina rantse mata ban ce masa komai ba, har muka fara ganin juna a matsayin maƙaryata.

Gasar farko da na shiga 'yar ƙarama ce ta masu koyo, a nan bargar aka yi. Baba ya sa babbar riga ya gayyato abokan aikinsa biyu. Na shiga na tsaya zan gaida alƙaliya, Barkono ya ƙi tsayawa, na ja shi, ya zabura, haka muka yi ta kokawa har aka gama. Na zo ta ƙarshe. Madam ta ce min har maki aka rage min saboda na yi amfani da murya, a wasan nan laifi ne. Na yi kuka na ce zalunci ne, don sun ga baƙar fata ne, Baba ma ya yarda da ni.

A bas muna komawa gida Binta ta ce, "Yaya, in faɗa miki wani abu ba za ki doke ni ba?" Na ce faɗi. Ta ce, "Tsakinki ne."

To jama'a ni tun ina ƙarama mai tsaki ce, Inna ta sha buge min baki a kai, ta ce wata rana a gaban surukai zan yi, bai hana ba, ko ban sani ba yake fita. Ashe Binta tana kan ciyawarta tana lura. Turawan nan in suna so doki ya ƙara sauri wani ɗan sauti suke yi da leɓe, kamar mai tsotsar abu, kuma da shi aka hori Barkono tun yana ƙarami. Sautin nan da tsakinmu kusan abu ɗaya ne. Ke nan duk sanda ya ɗan kuskure raina ya ɓaci na yi tsaki, shi abin da ya ji shi ne "yi gaba", ya yi gaba, ni kuma in fizge linzami, in ƙara wani tsakin don ya ƙi ji. Bakina na cewa tafi, hannuna na cewa tsaya, dabba ta rasa wanda za ta bi. Madam ba ta san akwai wani abu wai shi tsaki ba, ta ɗauka da gangan nake kora shi, ni kuma ko a mafarki ban taɓa lissafa tsaki a cikin magana ba. Kun san amsar da na ba Binta a bas ɗin nan? Tsaki na yi mata, ta kwashe da dariya har direba ya waiwayo.

Ban ƙi gaskiya ba, na yi ƙoƙarin gyarawa. Na riƙa sa ƙwallon dabino a baki in zan hau, don in na tashi yin tsaki ya tokare ni. Kuma an ga canji, Barkono ya fara sauke kai kaɗan, ya fara tsayawa, Madam har ta yaba. Amma bai kai inda ake so ba, domin tsakin ya bar bakina ya koma hannuna da cinyoyina, raina na ɓaci sai in matse shi ban sani ba, shi kuma yana ji. Wata Asabar na gurɗe a ƙafa, Madam ta ce kada dokin ya zauna haka, Binta ta hau ta ɗan taka da shi. Yarinyar da ko likkafa ba ta iya daidaitawa ba. Ina zaune ina kallo, ta hau tana hamma, Barkono ya yi taku kaɗan sai ya yi wata doguwar ajiyar zuciya, ya sauke wuya, bayansa ya saki, ya riƙa tafiya kamar ba shi ba. Madam ta dafe ƙirji. Ni kuwa, dokin da na yi wa bauta bai taɓa yi min wannan ajiyar zuciyar ba.

Daga nan Madam ta fara koya wa Binta, da gasar bazara ta zo ta ce Binta ce za ta hau Barkono, ni a ba ni wata tsohuwar goɗiya da ko bindiga aka harba ba ta motsi. Mun yi rigima a gida, na ce Binta ta ci amanata, ta ce ita ba ta roƙa ba, in ina so ma ta fasa, wannan "in kina so in fasa" ɗin ya fi komai ƙona min rai. Baba ya ce ba a fasawa. Ta shiga ta zo ta ɗaya, aka ba ta shuɗin ribon, ƙyallen da ake ba wanda ya ci gasa, Baba ya rataye shi a falo kusa da agogo, duk baƙon da ya zo sai an ba shi labari. Abin da ya ƙarasa ni shi ne bayan nan in muka shiga barga tare, Barkono na jin takun Binta zai leƙo yana haniniya, ni da ke riƙe da karas ɗin sai ya karɓa yana kallon bayana.

Da a ce tana son abin ma da na haƙura. Shekara na zagayowa ta bar hawa, ta ce warin barga na bin kayanta, ta shiga makarantar nas. Ni na ci gaba har na yi aure, ban taɓa wuce ta huɗu ba. Ribon ɗin nan da muka tashi daga gidan na ga ta ɗaure bakin wani kwali da shi. Haka Binta take har yau, tana unguwar Park Hill, jariri mai kuka in ta ɗauka ya yi shiru, kyanwar maƙwabta gidanta take kwana, dangin mijina marigayi in sun kira ni sai sun ce ina Binta. Ba ta taɓa yi min sharri ba, kullum "Yaya, Yaya" da ladabinta, ranar da aka yi min aiki ita ta yi jinyata. Ina sonta, kuma ina jin haushinta, duka biyun gaskiya ne. Kwanaki na tuna mata Barkono, ta ce, "Wanne, baƙin nan?" Ja ne jama'a, ja ne mai farin goshi.

Yanzu ga inda nake neman shawara. Ina da jika 'yar ɗana, takwarata ce, Mami muke ce mata, ta kai sha biyar. A hannuna ta tashi don iyayenta duk ma'aikata ne. Tana jin Hausa amma da Turanci take amsawa. Ita kaɗai ce a zuri'armu ta ɗauko son doki, ni na fara kai ta, takalman hawana na da su take sawa, a wajenta Kaka ce gwanar doki ta gidanmu, ban yi mata ƙarya ba amma ban kuma ba ta labarin Binta ba. Tana dressage a wata barga a wajen gari, an ba ta wata goɗiya mai kyau, kuma goɗiyar ta ƙi sakin jiki. Kocinta ta sake linzami, ta kira likitan dabbobi, ba a ga komai ba, yanzu ta ce in gasar wata mai zuwa ta lalace kamar ta baya za a ba wata yarinya goɗiyar. Mami ta daina cin abincin kirki. Satin da ya wuce na bi ta bargar na tsaya a bakin shinge, ta zo wucewa ta gabana goɗiyar ta ɗan karkace, sai na ji shi da kunnena, siriri, irin nawa sak. Duk Hausar da na yi shekaru ina koya wa yarinyar nan, tsakin ne kawai ta ɗauka bai ɓata ba. 

A mota na gaya mata, ta ce ita ba ta yi, na ce ni ma haka na ce. Na ba ta dabarar ƙwallon dabino, ta gwada, kocin ta ce an samu sauƙi amma har yanzu bayan goɗiyar a sandare yake. Na san wannan wurin sarai, nan ne ilimina ya ƙare, a nan na tsaya shekara hamsin. Abin da ke gaba da nan, yadda mutum zai zauna a kan dabba zuciyarsa ba ta tafasa, ban san shi ba, Binta ce ta sani, ko ba ta iya faɗa da baki ba in yarinyar ta wuni kusa da ita za ta ɗauka. Ɗana ma ya ce, "Mama, ba Anti Binta ce aka ce ta taɓa cin gasa ba? Mu kai Mami wajenta mana." Na ce masa Binta ba ta da lafiyar ƙafa, kuma gaskiya ne tana ciwon gwiwa, amma ba shi ne dalilina ba.

Dalilina shi ne tsoro. Na san abin da zai faru, na taɓa gani da idona. Yarinyar nan za ta zauna kusa da Binta ta yi ajiyar zuciya ta sauke wuya, daga nan sai in fara jin "Kaka Binta ta ce, Kaka Binta ta yi", ita kuma Binta ko a jikinta, bayan shekara ta manta wace jikar ce ma. A duk duniyar nan Mami ce kaɗai ke jin takuna a matakala ta taso da gudu ta buɗe ƙofa, ba don na riƙo komai ba. In na kai ta ina tsoron in rasa wannan, in ban kai ta ba za ta rasa goɗiyarta ina kallo, kuma na san zafin, har yau bai bar ni ba.

To 'yan uwa me zan yi? In kai ta da kaina in zauna a gefe ina kallo kamar wancan karon? In bar ubanta ya kai ta ni in yi kamar ban sani ba? Ko akwai wanda ya san wata dabara ta kwantar da doki mai ɗar-ɗar da zan koya mata da kaina kafin gasar? Masu cewa Hajiya ki ji tsoron Allah, na gode, na riga na faɗa wa kaina, abin da nake nema shi ne yadda ake yi da zuciya in ta ƙi ji. Admin na sake roƙonki ki ɓoye sunana, don Binta tana cikin gurup ɗin nan. Ko da yake ba lallai ta gane ba, ita da ba ta ma tuna launin dokin.