Mutum Biyu a Takarda

Barra do Lajeado, 10 ga Yuli

Ɗana Valdeci,

Gaisuwa mai tarin yawa, da fatan kana lafiya, kai da Rosilene da jikokina uku. Yaya aikin gonar waken soya? Tarin ƙaramar ya sake ta kuwa? Mu nan sai godiyar Allah.

Ka ji za a yi ƙidaya. Tun da aka sanar garin nan ya rasa sukuni, domin ana raɗe-raɗin in ba mu kai dubu ba za a haɗe mu da garin maƙwabta, a ɗauke nas, a rufe makaranta. Na ƙirga layinmu da yatsa: gida goma sha ɗaya, huɗu kaɗai ake hura wuta. Har Seu Tonico mai burodi ya sa kwaɗo ya bi 'ya'yansa birnin Goiânia.

Babanka kuwa ka san bakinsa. Wai dutsen da ya faɗo daga sama ya haƙa Ramin da muke zaune ciki ya fi mutunci, rana ɗaya ya kashe komai ya huta. Mu motar safe ce take cinye mu ɗai-ɗai. Ɗaliban jami'a masu nazarin duwatsu sun zo don ya raka su tudun tsakiyar Ramin, ya ce su je su kaɗai. Shekara talatin yana ɗaukar musu guduma, bai taɓa cewa a'a ba. Ƙafarsa ce ta ɗan kumbura, ba wani abu ba ne.

Ya ce in gaya maka, wanda ya kwana a garin daren ƙarshen Yuli shi ake rubutawa. Ku biyar ne, in ji shi, kuma ɗakinka yana nan.

Allah ya yi maka albarka.
Mahaifiyarka, Iraci

27 ga Yuli

Ɗana,

Ina gaishe ka, ina gaida iyalinka. Saƙonka ya iso, cewa ba za a sake ka ba sai tsakiyar Agusta.

Na yi maka ƙarya a wancan karon. Zuciyarsa ce. Cleonice, nas ɗinmu, ta ce ruwa ya hau masa ƙirji, a kai shi asibiti a Rondonópolis kusa da ku. Ya ƙi. Na roƙa, na yi kuka, har zaginsa na yi, abin da ban taɓa yi ba a shekara arba'in da shida. Kallona kawai ya yi ya ce, "Haba tsohuwa. A Ramin nan aka haife ni, sannan a rubuta ni a gadon garin wasu? Bayan ɗaya ga wata ki kai ni duk inda kika so."

Kowace safiya sai ya sa in miƙo masa kalanda ya soke rana da fensir. Jiya ya nemi shinkafa da 'ya'yan itacen peki, cokali biyu ya ci. Da ya ji ƙarar mota sai ya juya wajen ƙofa ya ga ko kai ne, amma ba ya tambaya.

Ba don ƙidaya nake kiranka ba, Valdeci, garin ya daɗe bai nutse ba. Tsoro nake ji. Ka zo ka ga ubanka.

Taka, Iraci

12 ga Agusta

Ɗana,

Ina fata kuna lafiya, yaran kuma sun daina kuka. Cleonice ta faɗa maka ta waya, amma ba ta faɗa maka duka ba.

Ranar ɗaya ga wata ya farka ya tambayi kwanan wata. Da na gaya masa ya yi murmushi ya ce ya shiga ƙidaya, in kira motar asibiti. Motar ta zo washegari ta tarar an rufe masa ido. Maza shida masu ƙarfin ɗaukar akwatin gawa ba su samu ba, sai da Cleonice ta kama hannu ɗaya. Dutsen nan mai zane kamar tsintsiya, wanda yake tokare ƙofa da shi, shi na ɗora masa a kan kabari.

Jiya Marlúcia 'yar Dona Benta ta zo da na'urar ƙidaya. Da ita aka yi jana'izar, duk da haka ta tambayi mutum nawa ne a gidan daren ƙarshen Yuli. Na ce bakwai. Ta sunkuyar da kai ta ce, "Inna, ni fa na riƙe wa Rosilene jaka a tasha ranar da suka bar garin." Na ce to, biyu. Ta rubuta babanka: Juvenal, shekara saba'in da huɗu, mai gida.

Sai na yi abin da ya fi min da ban yi ba. Na tambaye ta, da yana asibiti fa? Ashe ba inda mutum ya kwana ake bi ba, inda gidansa yake ne. Ko yana Rondonópolis a nan za a rubuta shi. Ba wanda ya gaya mana, mu ma ba mu tambaya ba.

Ka ce in dawo wurinku. Na yarda. Ka zo da kanka ka ɗauke ni, kada ka aiko da mota. Marlúcia ta ce sai bayan shekara goma za a sake ƙidaya. Har zuwa lokacin takarda za ta ce mutum biyu ne a gidan nan, ni kuwa na riga na sayi kwaɗo.

Allah ya tsare min kai.
Mahaifiyarka, Iraci