Gidana Ya Daina Hayaƙi, Ni Kuma Na Fara Ƙarya

Nna Ferruja, don Allah ki taimake ni kafin Yennayer, ga sabuwar shekarar tamu saura kwana tara. Na san an fi rubuto miki kan miji da suruka. Ni damuwata na'urar ɗumama gida ce, kuma lafiyarta ƙalau. Da ta lalace da na huta.

Shekaruna sittin da takwas, mijina ya rasu shekara goma sha ɗaya ke nan, ina zaune ni kaɗai a gidan ƙarshe na ƙauyenmu, can sama inda hanya ta ƙare. Kada ki yi mamakin kyan rubutuna. Shekara talatin ni ce mai rubuta wa matan ƙauye wasiƙa zuwa ga mazansu a Faransa, don haka na san yadda ake shafa wa magana mai. Yau ba zan shafa ba. Sunaye kawai na canza, ko da yake duk wanda ya taɓa hawa dutsenmu zai gane jakin.

Ɗana Meziyan yana aiki a birnin Liyon na Faransa. Da ya zo hutu lokacin zafi sai ya ce, "Yemma, uwata, kin gama shaƙar hayaƙi a duniya." Ya kawo ma'aikata suka cusa ulun tumaki a rufi, suka sa tagogi masu gilashi biyu, suka farke daɓe suka shimfiɗa bututun ruwa a ƙarƙashi, suka jera farantan sola a sama, sannan suka girke wani farin akwati mai fanka a bayan gida. Wai akwatin yana tsotso ɗumi daga iskar waje ya tura cikin bututun. Na ce iskar da ke daskarar da ruwa a tulu, wane ɗumi gare ta da har za ta sam wa wani? Ya ce in ɗauka firij ce aka juya mata baya. Dattawan dandali suka zo suka zagaya akwatin, suka yanke hukunci cewa yaron ya yi karatu har ya zarce.

Sai ga shi abin yana aiki. Ranar da dusar ƙanƙara ta fara sauka na taka ƙasa ba takalmi, na ji ɗumi kamar na dafa bayan akuya. Ban yi tari ba, idona bai yi ruwa ba, ban durƙusa ina hura toka ba. Na zauna na sha gahawata ina jin daɗin duniya.

Abin da ni da Meziyan muka manta shi ne hayaƙi. Kin san halinmu, mutum kafin ya wanke ido ya leƙa ya ƙirga bututun hayaƙin maƙwabta. Gidan da rana ta taɓa hasumiyar masallaci bai yi hayaƙi ba, to mai shi ko yana kwance ko ya riga mu gidan gaskiya. Ban gama gahawar ba na ji ana dukan ƙofa. Dda Belaid ne, ɗan baffan marigayi mijina, mai shekara saba'in da huɗu, wanda shi ma matarsa ta rasu. Gidansa yana gangaren da ke kallon nawa. Ya keto ƙanƙara har gwiwa da jakinsa da dami biyu na itace, yana haki. Daga baya ya gaya min lissafinsa: in da rai a hura wuta, in babu a ɗumama ruwan wanka.

Na fito na ja ƙofa a bayana. Ya ce, "Ashe kina nan." Na ce, "Da ina za ni?" Ya nuna bayan gida da haɓa ya ce, "Wannan akwatin na ɗanki, yana aiki kuwa?" Na dube shi, gemu duk ƙanƙara. Shekara goma sha ɗaya ba wanda ya yi gudu saboda ni. Wallahi ban shirya ba, bakina ne kawai ya ce, "Ina fa, Dda Belaid, ƙara kawai yake." Sai na ga fuskarsa ta washe. Na ce ya jira in kintsa, na shiga na kashe na'urar na wangale tagogi.

Wata biyu ke nan. Kullum bayan asuba sai in kashe ta, in buɗe tagogi, in yafa mayafi biyu. Har makyarkyata na koya, kuma ba yabon kai ba, na iya. Ƙarfe tara ya iso. Muna barin ƙofa a buɗe saboda bakin mutane, abin da ya ƙara taimaka min. Shi yake hura wutar, wai ni ban iya ba. Ya ce, "Shekara hamsin kina hura wuta, har yau ba ki san itace yana son numfashi ba." Na ce, "Kai shekara saba'in kana numfashi, har yau ba ka kama ba." Mu ci gurasa da man zaitun da busasshen ɓaure, mu yi musu kan man gonar wa ya fi, alhali kowa ya san nawa ne. Yana fita in kashe wutar in kunna abata. Ragowar itacen ina jibge shi a tsohon garken da ke ƙasan gida, yanzu ya kusa taɓa rufi.

To ga inda ta kwaɓe. Ashe Meziyan yana ganin na'urar a wayarsa daga Liyon. Ya ga kullum tana mutuwa da safe ta farfaɗo da rana. Sau uku yana taso wanda ya girka ta daga birnin Tizi Uzu cikin wannan sanyi. Bawan Allah ya kwance ya ɗaura bai ga komai ba, ya dube ni, ni kuma na dubi rufi. Yanzu Meziyan ya ce zai zo Yennayer ya tsare akwatin da idonsa har ya kama shi yana mutuwa.

Sannan ga maƙwabciyata Dahbiya, wadda tarin hayaƙi ya ci ƙirjinta. 'Yarta ta so ta sa mata irin tawa, ta ƙi, ta ce tunda tawa ta kasa ba za a mai da ita abin dariya ta biyu ba. Shekaranjiya ta kawo min miya don tausayi, tana tari tana cewa in yi haƙuri, 'ya'yan zamani ne. Na sha miyar, amma ba ta wuce min da daɗi ba.

Duk da haka, in zan faɗi gaskiya, ba wannan ne ya sa na ɗauki alƙalami ba. Itacen Dda Belaid ne yake raguwa. Da farko dami biyu ne na busasshe mai nauyi, irin wanda ake ɓoye wa babban baƙo. Ya koma dami ɗaya. Yanzu sanda uku yake kawowa na ɗanyen ɓaure, wanda ko mahaukaci ya san hayaƙi kawai yake yi. Sati biyu ma bai hura wutar ba, wai a yi tattali. Sai ya shigo ya cire alkyabba, ya cire takalmi, ya shimfiɗa ƙafafu a daɓe, wai likita ya ce sanyin ƙasa yana yi wa gwiwa magani. Daɓen nan kuwa shi ne maƙiyina, ko na buɗe tagogi awa uku ba ya sakin ɗumi, sai in yi ta zuba magana don kada ya lura. Ya zauna ya ƙi tashi har azahar, ina jin yana jin nauyin ya ce min ya gaji ne. Ga wani abu kuma, duk ranar da ƙanƙara ta sauka sai in tarar an share ta tas daga jikin akwatin. Na ce iska ce, ko da yake ban taɓa ganin iska mai tsafta haka ba.

Nna Ferruja, na san maza ta wasiƙunsu. Shekarar farko shafi huɗu, ta biyu shafi biyu, ta uku a gaida yara. Itacen nan ma haka yake tafiya. In na faɗi gaskiya ba shi da sauran dalilin hawowa, don namiji irinsa ba ya zuwa ƙofar wadda mijinta ya rasu hannu rabbana, kuma zai ji na mai da shi sakarai. In na yi shiru Meziyan zai tona ni a gaban dangi ranar da ake cin zakaran Yennayer. Sau biyu ina ɗaukar guduma in nufi akwatin in dawo. Ba aure nake nema ba, ko kuma dai ban sani ba. Ina son ƙarfe tara ta ci gaba da zama ƙarfe tara. Me zan yi?

Mai Gida Ba Hayaƙi, daga duwatsun Jurjura

*

'Yar'uwata, ajiye gudumar tukuna.

Zan fara da inda kika yi laifi, don mu gama da shi. Dahbiya tana shaƙar hayaƙin da ke kika tsira daga gare shi, kuma ƙaryarki ce ta zaunar da ita a ciki. Wannan ba zai jira Yennayer ba. Gobe ki kirawo ta, ki sa ta cire takalmi ta taka daɓenki, ki gaya mata komai. Za ta zage ki, kin cancanta, daga baya za ta yi dariyar da za ta tayar mata da tarin. Ki kira Meziyan a waya ki ce na'ura lafiya, uwarsa ce ke da 'yar matsala. Mutumin Tizi Uzu kuma ya cancanci kwalbar man nan naki da kike taƙama da shi, da ban haƙuri.

Game da na'urar, irinta ta fi son a bar ta tana aiki a hankali dare da rana. Kashe ta da buɗe tagogi yana sa ta sha wuta fiye da kima wajen sake ɗumama gidan. Abin da ya fi damuna shi ne hura ɗanyen itace a gidan da aka toshe duk kafofinsa, domin hayaƙin da a da yake sulalewa ta rufi yanzu ba shi da hanya sai ƙirjinki. Kada ki rushe murhun. Ki sa a share bututunsa, ki ajiye busasshen itace na ranakun da ƙanƙara za ta tsinke wayar lantarki ta rufe farantan sola. Sauran na garke ki raba wa gidajen da ke buƙata.

Ban ga laifinki ba da kika ji daɗin an yi gudu saboda ke. Meziyan ya yi abin kirki, sai dai ya cire wa gidanki alamar da ƙauye ke gane kin tashi da ita, bai sa wata ba. Duk gidan tsoho da zai daina hayaƙi zai gamu da wannan, kuma ya kamata dattawan dandali su zauna a kai maimakon zagaya akwati.

Yanzu ga Dda Belaid. Ki ɗauko kwafin wasiƙarki ki karanta kamar wata ce ta kawo miki. Mutumin da ya shekara sittin yana saran itace ba ya kawo ɗanyen ɓaure bisa kuskure. Wanda ya yarda kina daskarewa ba ya cire alkyabba ya ce a yi tattali. Likitan da ya rubuta masa sanyin ƙasa ina son in san sunansa. Iskar da ke share akwatinki kuwa, ki duba da kyau, za ki ga ta zo da jaki. Mutumin nan ya sani, ina jin tun ranar da ya fara zama a daɓen. Sanda ukun nan don idon ƙauye yake ɗauko su, ke kina makyarkyata don nasa idon, ku biyun kuna ta wahala a ɗaki mai ɗumi. Mazan Faransa da kika sani, wasiƙarsu da zuwansu tare suka ragu. Shi itacen ne ya ragu, zaman kuwa ya kai azahar.

Zan iya yin kuskure, kuma dattijo yana da zuciya. Saboda haka ki gaya masa ke da shi kafin ɗanki ya iso, a taƙaice, kuma kada ki matsa masa ya amsa cewa ya sani. Ki bar masa wannan mutuncin. Sannan ki ba shi dalili na gaskiya: gidanki ba ya hayaƙi, dole wani ya zo kowace safiya ya gani da idonsa ko kina da rai. A wurin cin zakaran Yennayer ki sa Meziyan ya roƙe shi wannan aikin a gaban dangi. In ɗa ne ya ɗora masa, bakin ƙauye ya mutu. Abin da zai biyo baya kuma, ku ba yara ba ne, kuma kun san gidan liman.

Gobe ki bar na'urar a kunne, ki rufe tagogi, ki yafa mayafi ɗaya. In ya shigo ya ce, "Au, an gyara ke nan?" ki ce an gyara, ki tura masa gurasa.

Allah ya kai mu Yennayer lafiya, ya ba Dahbiya sauƙin ƙirji, ya bar miki ƙarfe taranki, ya kuma hutar da jakin nan da ba shi da laifin komai.

Nna Ferruja