Iskar Kan Dutse

Zuwa ga 'yata Lhakyi, a birnin Chengdu,

Gaisuwa mai yawa. Ni ne ubanki Rabten, Dolkar mai shago ke rubuta mini.

An ce masu koya miki gudu sun sa ki a wani ɗaki da inji ke zuƙe iskarsa, wai ƙirjinki ya saba da ta kan dutse. Kai jama'a! Ina aka haife ki? Ƙarancin iskar da kike nema, ga shi a ƙofar gida. Tun ba ki san takalmi ba kike tsere da maruƙa a nan. Rabona da ke har na manta. Ƙafafuna sun kumbura, leɓena ya yi baƙi. Ki zo ki yi gudunki a gida, in gan ki.

Ki huta lafiya.

Baba,

Ina gaishe ka da girmamawa. Gasar gudunmu saura kaɗan, in na bar sansanin horo za a cire sunana. Likita ya ce jininka ya yi kauri, dutsen ne ya gajiyar da zuciyarka. In ka sauko za ka samu sauƙi. Kawu Jigme zai kawo ka a mota. Ka taimake ni, Baba, kada ka ƙi.

Taka, Lhakyi.

'Yata,

Na gaishe ki. Jigme ya zo, ko shayin man shanu ban ba shi ba, na kore shi. Haka kuka ce wa uwarki, ta sauka. Me aka dawo mini da shi? Toka a tulu! Mutanen birni suka ƙone ta, ungulu ko ɗaya ba ta samu sadakarta ba. Ni a kan dutse za a miƙa gawata ga ungulaye bisa al'adarmu, kamar yadda aka yi wa ubana. Ke dai zauna da injinki. Dolkar ta ce in sassauta harshe, na ce rubuta yadda na faɗa.

Ubanki.

Lhakyi,

Gaisuwa. An ce kin zo ta huɗu. Ban sani ba ko abin murna ne. Kin ce yanzu za ki taho, to, dusar ƙanƙara ta rufe hanya, sai ta narke. Na kira lama mai yi wa matattu addu'a, mun gama magana. Kada ki wahalar da kanki, ba zan kai ba.

Ki riƙa cin abinci.

Ubanki, Rabten.