Mukayyif Ɗin Malam Bawa Yana Yoyo

Malam Mahmud, a taimaka mini don Allah. Ni ban yi karatu ba, Zakiya mai ɗinki ce take rubuta mini.

Ina zaune a unguwar Mahjar ta Jidda cikin karafan, ɗakin ƙarfen nan mai taya. Kafilin mijina Malam Bawa, wato ubangidan da ya tsaya masa a ƙasar nan, shi ne ya ba mu lokacin da Bawa yake gadin filinsa. Bawa ya rasu shekara huɗu ke nan, ba mu da ɗa, 'yan'uwana kuma tun tahowarmu daga garinmu Madani ban sake jin labarinsu ba. A kan rufin akwai mukayyif, na'urar sanyin nan, Bawa ne ya hau ya ɗaura da hannunsa.

To ruwan nan da aka yi wata biyu da suka wuce, sai ya dinga zubowa ta gefen mukayyif ɗin, daidai kan gadona. Na kwaɓa ƙasa da ciyawa, na hau tsani na yaɓe shi zagaye, yadda muke yi wa soro a gida. Yanzu ko babu hadari, da na kunna sai ɗigo. Ɗan kafili ya ce ranar da ɗakin ya lalace, halas, shi ke nan, masu sayen ƙarfe zai kira. Shi ya sa na ɓoye, har Rafi'u makanike da ke bayanmu ban gaya masa ba. Ina za ni? Na sa kwano a ƙasa. Wallahi wani yinin, ƙarar kwanon nan kaɗai nake ji a ɗakin. Na gaji, Zakiya, ajiye haka.

(Iyakar abin da ta faɗa ke nan. Zakiya.)

Tsohuwar Mahjar

AMSA

Hajiya, Allah ya jiƙan Malam Bawa. Ɗakinki bai lalace ba. Yaɓe maganin soro ne, amma mukayyif yana tara ruwan kansa, kuma yana da 'yan ramuka a gindi da yake zubar da shi kan rufi. Su kika toshe, ruwan ya juyo ciki.

A kashe wuta, a kankare ƙasar, a buɗe ramukan. Yoyon farko kuwa, akwai roba tsakanin na'urar da rufi wadda zafin ranar Jidda ke busarwa. A cire murfin ciki, a ɗaure notuna huɗun da ke riƙe da na'urar daidai da juna, ba da ƙarfi sosai ba. In robar ta tsage a sake ta. Sannan a zuba ruwa da buta a sama, wani yana kallo daga ciki.

Kin ga aikin mutum biyu ne, kuma ba ke za ki hau tsani ba. Tsoronki yana da dalili, amma ɓoyon ne zai sa tsatsa ta cinye rufin, ɗan kafili ya sami hujja. Ki kira Rafi'u gobe, ki ce ya zo da matarsa, ki ɗora shayi. In kwanon ya yi shiru, ya zama akwai wanda ya san hanyar ƙofarki.

Allah ya bar ki a ɗakinki lafiya.