Haɓar Nafisa Ba Laifin Hannunki Ba Ce

Zuwa ga mahaifiyata abar ƙauna,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa ta girmamawa, ina fatan kina cikin rahamar Ubangiji.

Inna, na gaji. Jikarki Nafisa ta cika sha huɗu, haɓarta kuwa sai ƙara turowa gaba take. In za ta makaranta sai ta ja mayafi har bakin leɓe, ko dariya ta daina yi a gaban mutane.

Kin tuna arba'in ɗinta a gidanmu na Zongo? Ke kika yi mata wanka. Ki tsoma tsumma a ruwan ɗumi, ki gasa mata goshi, ki ja hanci, ki danna haɓa, kina cewa fuskar jariri ɗanyen yumɓu ce.

Da haɓar ta fara fitowa, dangin babanta suka ce ai gashin da kika yi mata ne bai yi ba. Ni ma da bakina na maimaita miki, ranar da kika dawo daga kasuwar Misebo da dilar gwanjo a ka. Daga ranar ba ki sake karɓar wankan jaririn kowa a unguwa ba har kika koma ga Allah.

Talatar nan muka hau zemijan, acaɓan garin nan, zuwa wajen likitan haƙori, ya sa aka ɗauki hoton ƙashin kanta. Ya ɗaga shi a haske, ya nuna mini wani ɗan kogo cikin ƙashin goshi, saman gira. Ya ce kowa da irin nasa, na Nafisa babba ne, kuma sau da yawa mai babban kogo haɓarsa ma takan yi tsawo. Tare suke girma, daga ciki. Sai ta gama girma za a san abin yi.

Na tambaye shi ko gashi da ruwan ɗumi na iya hanawa. Ya ce babu hannun da zai kai wurin.

Zama na yi a kan benci. Shekara shida kina kwance da maganata, Inna, ga amsa ta zo babu inda zan kai miki.

Na faɗa wa Nafisa komai. Ta ce wai hannunki ƙanshin man kaɗe yake yi, shi kaɗai take tunawa.

Allah Ya haskaka kabarinki, Ya saka wa hannuwan nan da Aljanna. Ki yafe mini.

'Yarki,
Balaraba