Jiƙon Inno

Jigwada, Keffi
Yuli, 1973

Zuwa ga Dabo, sanyin idona, inuwar da nake fakewa, ruwan randata a tsakar rana. Gaisuwa mai yawa da begen da ya hana ni cin abinci.

Ka tuna ranar da aka sallamo ka daga asibiti, ka dafa kafaɗata muka ratso Sabon Gari a hankali kamar tsofaffi? Na tsokane ka cewa idanunka sun fi gwaiduwar ƙwai zama rawaya, ka yi dariya har cikinka ya murɗa.

Da kunnena na ji bayanin likita. Ya ce jiƙon saiwar da ka sha don zazzaɓi ne ya ƙone maka hanta. Ya ce hanta ba ta da fushi: ɗan abin da ya tsira yakan kumbura, ya rabu biyu, biyun su sake rabuwa, har wurin ya cike kamar ciyawa bayan gobara. Amma in aka yi ta maimaita ƙunar, tabo take yi mai tauri kamar busasshiyar fata, kuma tabo ba ya tofo.

Yanzu idonka ya fara washewa, sai mahaifiyarka Inno ta ce ciwonka shawara ce, ba ta son allura, jiƙon ne ya kore ta. Ta koma ba ka safe da yamma, kai kuma kana shanyewa don kunyar uwa. Haba rabin raina, wace kunya ce za ta kai ka kabari? Jikinka yana ɗinke kansa a ɓoye, kana warware masa ɗinkin da hannunka. Tsoro nake ji, Dabo.

Jiya Inno ta kira ni, ta nuna mini saiwar da yadda ake jiƙa ta. Don ƙauna ta yi, na sani. Ta ce bayan biki ni zan riƙa miƙa maka ƙoƙon.

Ba zan miƙa ba. A kira ni amarya marar kunya, garin nan duka ya zage ni, na yarda, in dai kana raye kana ji. Ka daina sha tun yau, don Allah, kada lallen da zan sa ya goge ina cikin takaba.

Taka, yau da gobe da ranar da nake tsoro,
Rahamatu