Wa Ke Kaɗa Garayarka, Haruna?

Zuwa ga aminina Haruna,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, na san wannan takarda ba za ta same ka ba. Babu direban da ke zuwa inda kake, kuma ko da kana raye kai ba gwanin amsa wasiƙa ba ne, sai dai kaset. Amma akwai maganar da ta tsaya mini a rai, ba ni da wanda zan gaya wa sai kai, tunda kai ka ƙulla ta.

Bari in fara da labarin gida, kada ka ce ɗinki ya cinye mini ladabi. Damina ta yi kyau a Ƙanƙara. Gari ya cika da babura, wanda jiya yake tallar goro yau ɗan kwangila ne. Ni ina nan kan keken ɗinkina, kayan 'yan makarantar nan da gwamnati ta bubbuɗe sun hana ni miƙe baya. Abokinmu Ɗanjuma yana Faskari, ya ƙara tumbi, ya sayo wata gangar Turawa a Kaduna wadda ta raba shi da maƙwabtansa. Yaranka suna lafiya, haka Malam Idi direba ya shaida mini. Matarka Hauwa tana cikin takabarta.

Ka tuna yadda muka fara? Shekarar da aka yi wa ma'aikata ƙarin albashi kowa ya sayi rikoda, kai ka kawo dabarar. A jera rikoda biyu baki da baki, ɗaya na juya kaset, mutum yana bin sa da nasa kiɗan, ɗayan na ɗauka. Kai za ka fara da garaya a Sabuwa, Malam Idi ya sauke kaset ɗin a Faskari Ɗanjuma ya ɗora ganga, ya iso wurina in bi da sarewa, sannan ya koma gare ka. Babu wanda ya gaji kiɗa a cikinmu, ba mu taɓa roƙon kowa ba. Kai malamin gona, Ɗanjuma akawun auduga, ni tela, muna ɓoye abinmu kamar masu satar fita. Ɗanjuma ya kan cusa kiɗan Indiya da ya kwaso a siliman Funtuwa. Ni kuma in haɗa busar makiyaya da muryar mutanen Sudan da nake kamawa a rediyo. Har ƙarar kekena mun taɓa sawa a madadin ganga, har ruwan sama a kan kwano. Amma garayar ce uwar tafiya. Ita ke ɗaukar jitar mutanen Kwango ta juya ta, ta mayar da ita taken maharba, har mutum ya rasa inda aka yi ɗinkin.

Da na dawo daga ta'aziyyarka na kasa ɗinki, na kasa cin abinci. Sai na kunna rikoda na busa abin da ke raina, busar da ban taɓa yi ba, ban kuma jiyar da kowa ba, har Ɗanjuma. Na ba Malam Idi ya kai gidanka, don yaranka su san ubansu yana da mai kukansa. Ban sa ran komai ba.

Haruna, kaset ɗin ya dawo. Ya dawo da garaya a kansa.

Da farko na ce tsohon ɗauka ne ya haɗu da nawa. To ta yaya? Garayar tana bin busar da na yi bayan an binne ka, tana jira in ja numfashi ta shiga, tana amsa mini gaɓa-gaɓa. Kuma hannun nan ne dai, mai ɗan jinkiri kafin ya sauka, mai buga ƙoƙon da babban yatsa in zai rufe. Na zargi Ɗanjuma da wasan banza, amma Ɗanjuma ko tsirkiya ka ba shi sai ya tambaye ka ina ake bugawa. Na zargi Malam Idi, na zargi kunnena. Da na rasa wanda zan zarga, sai na dawo kanka.

Abu ɗaya ne ya canza a wannan kiɗan. A duk kaset ɗinmu na baya akwai wani ɗan kacau-kacau da ke bin hannun mai kiɗa. Na taɓa tambayar ka, ka ce akayau ne, ƙarfen nan da ake maƙala wa kan garaya. A wannan babu shi. Na yini ina juya abin a raina, ina taka keke ina ɓata wa mutane wuyan riga, sai na tuna mace mai takaba ba ta sa awarwaro.

Zato zunubi ne ko da ya zama gaskiya, na sani. Amma ka bar ni in jera maka abin da na gani, ka ga ko laifina ne. Tare muka yi firamare a Faskari, ko tafi ba ka iya yi daidai da mutane. Sai da ka yi aure aka kai ka Sabuwa, rana tsaka ka zama gwani, ka ce wani tsohon maharbi ne ya koya maka. Ina maharbin? Ko sunansa ba ka taɓa faɗa ba. Duk zuwan da na yi gidanka, in na ce ka kaɗa mana, yau tsirkiya ta tsinke, gobe lauje ya yanke ka, jibi surukinka yana gari. Ranar da na matsa, sai da aka shiga ɗakin Hauwa aka ɗauko garayar, ka riƙe ta kamar an miƙa maka jaririn wasu, kuma ban ga akayau a kanta ba. Na kuma san gidan su Hauwa. Mahaifinta ne ya musulunta, kakanta kuwa duk unguwannin Maguzawan bayan Faskari sun san garayarsa.

Na fito da tsofaffin kaset ɗinmu na bi su ɗaya bayan ɗaya, wannan karon ba kiɗan nake saurare ba, abin da ke bayansa nake nema. A wani na ji jariri ya yi kuka, kiɗan ya tsaya cak, da ya ci gaba sai ga numfashin yaron dab da rikoda. A wani kuma na ji tarinka. Daga nesa yake, wajen bakin ƙofa, alhali garayar tana nan kusa ba ta ko girgiza ba. Gadi kake yi, ko ba haka ba?

Ga abin da ya fi ci mini rai. Shekarar da ɗana Sani ya rasu, ka aiko mini da kaset ba magana a ciki, garaya ce kawai a hankali. Shi ya tashe ni daga kwance. Na hau mota takanas har Sabuwa, na riƙe hannunka a zaure ina hawaye, na ce wannan hannun ya yi mini abin da 'yan'uwana ba su yi ba. Ka sunkuyar da kai ka ce ba komai. Ashe gaskiya ka faɗa. Wadda ta yi aikin tana bayan katanga tana tuƙa mana tuwo, na ci na yi godiyar tuwo na tafi. To ni da wa na yi shekarun nan ina hira? Wa ya san inda nake jan numfashi? Na ji haushinka, Haruna, haushin da ban taɓa ji ba kana raye, kuma ina jin kunyar jin haushin mamaci.

Wani lokacin in ce ka ci da gumin baiwar Allah, ka sha yabon da ba naka ba. Wani lokacin kuma in tuna garin da kuke. Matar malamin gona, jikar mai garaya, a ji tana kaɗa wa maza kiɗa a kaset? Da bakin mutane ya kashe auren, ya bi 'ya'yanku mata har ɗakin mazajensu. Wataƙila kai ka ji hannunta ka kasa barin sa ya mutu a ɗaki, ka ara mata sunanka ta fita da shi. Wanne ne a ciki? Ko duka biyun? Kai kaɗai ka sani, ka kuwa tafi da amsar. Ita ba zan tambaye ta ba. Ba na jin akwai ranar da zan iya.

Makon jiya wani kaset ya sake zuwa, bai bi ta Faskari ba. Sabon kiɗa ne, garaya zalla, an bar wa ganga wurinta, an bar wa sarewa nata. Ina jin Hauwa ta san na gane, tana jira ta ga abin da zan yi. In na yi shiru, na rufe mata ƙofar da ka buɗe. In na faɗa wa Ɗanjuma gaskiya, ka san bakinsa, kafin la'asar an ji a tashar Funtuwa cewa matar Haruna tana kiɗa cikin takaba.

Jiya na ba Malam Idi kaset ɗin ya kai Faskari. Na ce ya gaya wa Ɗanjuma an samo shi a cikin kayanka, kuma da alama ka bar irinsa da yawa, za su riƙa fitowa sannu a hankali. Ban taɓa yi wa Ɗanjuma ƙarya ba sai jiya. Gonarka ta magada ce, babur ɗinka an ba ƙanenka, ni kuma ga abin da ka bar mini, na karɓa.

Allah Ya jiƙan ka, Ya yafe maka, Ya yafe mini. Sai mun zo.

Naka, mai zarginka kuma mai kewarka,
Lawal Tela, Ƙanƙara